Raba Adireshin IP a Makaranta ko Ofis: Yanki Ɗaya, Yanka Daidai Buƙata, Ko Kowa da /24?

Zauren jarrabawar CBT mai kwamfuta 250 da wasu 25 na ko-ta-kwana ba zai shiga cikin 192.168.1.0/24 ba. Adireshin IP shi ne lambobi huɗu da ake gane kowace na'ura da su a netwok, kuma lissafin ba wuya. /24 adireshi 256 ne, amma na farko sunan yankin ne, na ƙarshe kuma da shi ake yi wa kowa shela, saura 254 da za a iya ba na'urori. Tun ba a ƙirga saba (kwamfutar da ke yi wa saura hidima) da rauta (mai miƙa saƙo tsakanin yankuna) da kyamarorin sa-ido ba, an riga an haura da 21. A wannan gaɓar ce mai haɗa netwok yake ajiye kebul ya ɗauki biro, kuma hanyoyi uku ne a gabansa: ya zuba kowa da komai a babban yanki guda, ko ya yanka wa kowane sashe daidai da yawan na'urorinsa, ko kuma ya ba kowane sashe /24 cikakke ya faɗaɗa wa wanda bai isa ba. Dukansu suna aiki ranar da aka miƙa aiki. Bambancinsu sai bayan shekara ɗaya ko biyu yake fitowa.

Kafin 1993 aji-aji ake rabon adireshin IPv4, wato irin waɗannan masu lambobi huɗu. Ajin A na'ura 16,777,214, ajin B 65,534, ajin C 254, babu tsaka-tsaki. Kamar a ce mai rabon filaye awo uku kacal ya sani, fuloti ɗaya ko unguwa guda ko gari sukutum, wanda ya zo neman fuloti biyu sai a miƙa masa unguwa. Kamfani mai kwamfuta 300 yakan karɓi ajin B ya bar sama da 65,000 a kwance, alhali ajin B ɗin gaba ɗaya 16,384 ne a duniya. Wanda aka hana shi B kuma sai a tara masa C da yawa, kowanne da nasa layi a jadawalin hanyoyin manyan rauta, jadawalin ya yi ta kumbura. Sabon tsarin rabo mai suna CIDR ne ya zo ya soke azuzuwan, ya ce a rubuta girman yankin a fili bayan silash. Lambar tana faɗin bit nawa cikin 32 da ke cikin adireshin aka ware wa sunan yankin, ragowar na na'urori. Ƙara ɗaya, yankin ya rabe biyu. Rage ɗaya, ya ninka. Abin da ya kamata a haddace bai fi layi guda ba: /22 na'ura 1,022, /23 510, /24 254, /25 126, /26 62, /27 30, /28 14, /29 6, /30 kuma 2.

Akwai doka guda da ake yawan tsallakewa. Yanki ba ya farawa inda ka ga dama, sai a kan lambar da girmansa zai raba ta ba saura. /26 yana farawa a 0 ko 64 ko 128 ko 192. /23 sai lamba ta uku ta zama cika, irin 20 ko 22. Idan ka rubuta wa rauta 10.20.21.0/23, abin da ta fahimta shi ne 10.20.20.0/23, kuma idan akwai wani sashe a kan 10.20.20.0 ka hau kansa ke nan ba ka sani ba. Haka /22 sai a kan 0, 4, 8, 12. Yankuna huɗu daga 10.20.1.0 zuwa 10.20.4.0 suna jere a ido, amma ba za su taɓa haɗuwa su zama /22 guda ba.

Mu ɗauki misali ɗaya mu gwada hanyoyin uku a kansa. Makarantar kuɗi ce a Kaduna, babban gininta a Unguwar Rimi, reshenta a Barnawa, an haɗa su da rediyo biyu da ke kallon juna ta saman kogi. Tana da zauren CBT mai kwamfuta 275 da saba biyu, Wi-Fi na malamai da baƙi kimanin na'ura 100, ofisoshi har da na akanta 40, kyamara 24 da NVR ɗinsu (na'urar da ke ajiye bidiyonsu), firinta da ƙananan saba 10, suwic (akwatin da ake soka kebul ɗin na'urori) da AP (mai watsa Wi-Fi) masu buƙatar adireshin gudanarwa 20, sai reshen Barnawa mai na'ura 50.

Kowa a yanki guda

Jimillar ba ta kai 550 ba, don haka 10.20.0.0/22 zai ɗauke su da rara. Mask ɗaya (lambar da ke faɗa wa na'ura girman yankinta), 255.255.252.0, getwe ɗaya (ƙofar fita daga yankin), DHCP ɗaya (mai ba na'urori aron adireshi). Ba a buƙatar suwic mai gudanarwa, kowane suwic mai araha na kasuwa zai yi. Wannan ne dalilin da ya sa ake yawan zaɓensa, kuma ga shagon bizines santa mai kwamfuta 12 da firinta biyu a Kasuwar Gumi, ko ɗan ofishin lauya a kan titin Ahmadu Bello, shi ne daidai, har ma /24 ya ishe su. Raba na'ura 20 gida-gida neman aiki ne kawai.

A makaranta irin wannan kuwa ba haka ba ne. Duk na'urar da ke neman wata sai ta yi shela ta ARP, kuma shelar tana isa ga kowa: kwamfutocin zaure, wayar malami, kyamarar bakin get, har ta tsallaka rediyo zuwa Barnawa. A kan kebul abin ba ya da nauyi sosai. A kan Wi-Fi ne yake ciwo, domin AP yana aika saƙon shela a mafi ƙarancin gudu don kowa ya ji, sai ya cinye lokacin iska da ya kamata a yi aiki da shi. Mutane su ce "netwok ba ƙarfi" alhali sandunan sigina a cike suke.

Mafi muni shi ne kuskuren mutum ɗaya yana kwantar da kowa. Wani malami ya zo da ƙaramar rautarsa ta gida ya soka kebul ɗin bango a ramin LAN na cikin gida maimakon WAN na waje, don ya samu Wi-Fi a ofishinsa. Daga lokacin DHCP biyu ke amsawa, kuma wanda ya riga amsa shi ake bi. Rabin zauren CBT ya wayi gari da 192.168.0.x da getwe marar fita ko'ina. Ko kuma wani ya ga kan kebul yana lilo ya soka shi a suwic ɗin da ɗaya kan ya fito, shela ta shiga zagaye ba tsayawa, fitilun suwic duka su riƙa ƙyaftawa tare, gini biyu su tsaya cak. Ga kuma batun tsaro, wanda ba sai an tsawaita ba: laftof ɗin ɗalibi yana ganin kwamfutar akanta da NVR kai tsaye, ba tare da ya bi ta wata rauta da za ta tace shi ba.

Yanka daidai buƙata

Wannan ita ce hanyar da ake koyarwa a aji da sunan VLSM, kuma ita ake tambaya a jarrabawar CCNA ta masu haɗa netwok. Ana jera sassan daga babba zuwa ƙarami, a ba kowanne mafi ƙarancin yankin da zai ɗauke shi. Fara da babba ba ado ba ne: idan ka fara da ƙanana za ka bar giɓin da babban ba zai sami madaidaicin wurin farawa ba. Daga cikin 10.20.0.0/22 ɗin nan, rabon zai fito haka:

Zauren CBT: 10.20.0.0/23, daga 10.20.0.1 zuwa 10.20.1.254
Wi-Fi: 10.20.2.0/25, daga .1 zuwa .126
Ofisoshi: 10.20.2.128/26, daga .129 zuwa .190
Barnawa: 10.20.2.192/26, daga .193 zuwa .254
Kyamarori: 10.20.3.0/27, daga .1 zuwa .30
Gudanarwa: 10.20.3.32/27, daga .33 zuwa .62
Firinta da saba: 10.20.3.64/28, daga .65 zuwa .78
Layin rediyo: 10.20.3.80/29, daga .81 zuwa .86

A lura da na ƙarshen. Littafi zai ce haɗin rauta biyu /30 ya ishe shi. Amma rediyon biyu su ma suna buƙatar adireshi idan ana son shiga cikinsu a duba ƙarfin sigina ba tare da an hau hasumiya ba. Rauta biyu da rediyo biyu huɗu ke nan, /30 kuwa biyu yake bayarwa. An yi amfani da 856, saura 168 daga 10.20.3.88 zuwa ƙarshe. A takarda abin gwanin sha'awa ne.

To amma a dubi kyamarori. 24, da NVR, da getwe, 26 cikin 30. Zangon karatu na gaba mai makaranta ya ce, "Injiniya, a ƙara mana takwas a bayan katanga." Yanzu 34 ake nema. Ba za a iya buɗe /27 ɗin ya zama /26 ba, domin maƙwabcinsa, yankin gudanarwa, yana zaune a .32. Sai dai a kwashe ɗaya daga cikinsu gaba ɗaya a kai shi 10.20.3.128/26. Kuma dukansu biyu na'urori ne da aka rubuta wa adireshi da hannu: kowace kyamara sai an shiga an sauya mata adireshi da mask da getwe, a sake shigar da ita a NVR, a gyara dokokin fayawol, mai tace abin da zai wuce. Aikin yini guda ne idan an san kalmar sirrin kowacce. Idan wanda ya ɗaura su ya tafi da ita a kansa, sai tsani da danna maɓallin mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Wi-Fi ɗin ma haka. An ƙirga mutum 100, amma malami ɗaya yana da waya biyu da laftof. Ranar ziyarar iyaye ko ranar yaye ɗalibai mutane suna shiga suna fita, kowace waya ta karɓi adireshi ta tafi da shi. Idan wa'adin aron awa 24 ne, kafin azahar 126 ɗin sun ƙare, alhali waɗanda ke cikin harabar ba su kai 60 ba. Alamar ita ce waya ta tsaya tana neman adireshi har ta gaji, laftof kuma ya ba kansa 169.254.x.x. Rage wa'adin zuwa awa ɗaya ko biyu yana taimakawa ƙwarai, amma yankin dai ƙarami ne.

Sannan akwai wahalar karatu. Ka ga 10.20.3.41 a log da ƙarfe bakwai na safe, ana saura minti talatin a fara jarrabawa. Kyamara ce ko suwic? Sai ka buɗe takarda ko ka yi lissafi. Yaron da ke koyon aiki zai rubuta getwe 10.20.2.1 a kwamfutar ofis domin haka hannunsa ya saba, alhali nata 10.20.2.129 ne.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, wa ake wa wannan tsimin? Adireshin cikin gida, wato 10.0.0.0/8 da 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16 da aka keɓe tun 1994, ba saye ake yi ba, ba a kuma neman izinin kowa. 10.0.0.0/8 kaɗai yana ɗauke da /24 guda 65,536. Matse kyamarori cikin 30 bai rage wa makarantar ko kwabo ba.

Inda wannan hanyar ta zama dole shi ne inda wani ne ya yanka maka. Reshen banki ko na wata ma'aikata da hedikwata ta ce masa ga /24 ɗinka, ko ma /25, kada ka fita daga ciki, ba shi da zaɓi sai ya yi VLSM. A nan shawara ita ce kada a jera yankunan manne da juna. A bar gurbi daidai girmansa kusa da duk sashen da ake zaton zai girma, musamman kyamarori da Wi-Fi, ta yadda ranar faɗaɗawa mask kawai za a sauya.

Kowa da /24, a kan tsari

Hanya ta uku ita ma CIDR ce, sai dai an yi amfani da shi don tsari ba don tsimi ba. Lamba ta biyu ta zama ta wuri, ta uku ta zama ta aiki. Unguwar Rimi ta ɗauki 10.20.0.0/16, Barnawa 10.21.0.0/16, idan an buɗe reshe a Kawo ko Sabon Tasha gobe ya ɗauki 10.22.0.0/16. A kowane wuri ofisoshi 10 ne, CBT 20, Wi-Fi 32, kyamarori 40, firinta da saba 50, gudanarwa 99, kuma lambar VLAN, wato sashen da aka killace a cikin suwic, ta yi daidai da lamba ta ukun. Zauren CBT ya samu 10.20.20.0/23, ya ci 20 da 21. Wi-Fi ya fara da 10.20.32.0/23, kuma tunda 32 tana rabuwa da huɗu, kuma an bar 34 da 35 babu kowa, ranar da ya cika sai a mayar da shi /22 ba tare da an taɓa kowa ba. Getwe ko'ina .1 ne. Wanda ya ga 10.21.40.17 ya san kyamara ce a Barnawa tun bai buɗe komai ba.

Ribar da ta fi wannan tana cikin jadawalin hanyoyi. Rautar Unguwar Rimi layi ɗaya take buƙata: duk abin da ya fara da 10.21 a miƙa shi ta rediyo. Barnawa ta ƙara VLAN goma, ba a taɓa babbar rauta ba. A tsarin da ya gabata, ranar da reshen ya nemi yankin kyamarorinsa sai an yanko masa wani guntu daga wani lungu, an ƙara masa layi, an ƙara doka a fayawol. Kuma rauta kullum tana bin layin da ya fi tsawon silash cikin waɗanda suka dace, don haka ana iya cewa 10.21.0.0/16 ya bi rediyo amma 10.21.40.0/24 ya bi wani layin dabam, idan bidiyon kyamarori yana cika rediyon.

Wannan dunƙulewar tana da tarkonta guda. Babbar rauta ta ce duk 10.21 yana Barnawa. Rautar Barnawa kuma hanyarta ta ko-ina, wato inda take miƙa duk abin da ba ta sani ba, tana kallon babbar rauta. Idan wata na'ura ta nemi 10.21.77.5, wanda babu shi, Barnawa ba ta san shi ba sai ta mayar da shi, babbar ta sake turo shi, su yi ta jifan juna da shi a kan rediyo har TTL, wato adadin zangon da aka yanka wa saƙon, ya ƙare. Fakiti ɗaya ba komai ba ne, amma kwamfuta mai ƙwayar cuta da ke lalube adireshi dubbai za ta cika layin. Maganin layi ɗaya ne a rautar Barnawa: hanyar zubarwa ta 10.21.0.0/16, wadda MikroTik ke kira blackhole, Cisco kuma Null0. Yankunan gaskiya sun fi ta tsawon silash, don haka ba ta taɓa su.

Kuɗin wannan hanya da ta biyu ɗaya ne: suwic mai iya VLAN aƙalla a tsakiya da kuma duk inda sassa biyu suka haɗu a kebul ɗaya, da rautar da za ta iya wuce da zirga-zirga tsakanin sassan ba ta shaƙe ba. Saboda haka ne sabar CBT ta fi kyau a cikin yankin zauren kanta, kada amsar ɗalibai 250 ta riƙa bi ta rauta. Ga makaranta irin wannan, ko otal, ko asibiti mai gini fiye da ɗaya, ta ukun ce zaɓi, kuma ba kusa ba.

Kowace aka ɗauka, akwai lambobin da ya kamata a kauce musu. 192.168.0.0/24 da 192.168.1.0/24 su ne na kusan kowace rautar gida, rautar Starlink ma 192.168.1.0/24 take bayarwa, kwanonta kuma yana kan 192.168.100.1. MiFi da yawa na Huawei suna kan 192.168.8.1, MikroTik sabuwa a kwali 192.168.88.1. Idan ofis yana kan 192.168.1.0 kuma akanta ya shiga ta VPN daga gidansa mai 192.168.1.0, kwamfutarsa za ta riƙa neman sabar ofis a falonsa. Idan ana aiki da manhajar Docker, ta riga ta kama 172.17.0.0/16. Kuma kafin a zaɓi lamba ta biyu a cikin 10, a duba adireshin da kamfanin intanet ya ba rauta ta ɓangaren WAN, domin wasu da 10 suke rabawa.

Azuzuwan nan da aka soke sama da shekara 30 har yau suna nan a ɓoye cikin na'urori. A tsohuwar tagar saita adireshi ta Windows, ka rubuta 10.20.1.40 ka matsa gaba, sai ta cika maka 255.0.0.0 da kanta. Ka rubuta 192.168, ta ba ka 255.255.255.0. Mai sauri ba zai duba ba. Ga yadda abin yake bayyana a zauren /23: an bar saba 10.20.20.5 da mask 255.255.255.0 maimakon 255.255.254.0. Kwamfutocin 10.20.20.x suna aiki lafiya. Na 10.20.21.x suna aika mata saƙo yana isa, amma ita tana ganin su baƙi ne, sai ta miƙa amsar ga getwe. Idan zauren a killace yake babu getwe, amsar ba ta zuwa. Za a ga layukan gaba suna shiga, na baya ba sa shiga, a yi ta canza kebul da suwic, alhali lamba ɗaya ce a saba. Haka kuma 10.20.20.255 da 10.20.21.0 halastattun adireshi ne a cikin /23, amma wasu tsofaffin firinta da manhajoji ba sa yarda da su, gara a cire su daga abin da DHCP ke rabawa. RIP na farko, tsohon tsarin da rauta ke faɗa wa juna hanyoyi da shi, shi ma ba ya ɗaukar mask a saƙonsa sam, duk inda aka gaji shi a sauya zuwa tsarin OSPF ko a rubuta hanyoyin da hannu.

Ɗauke wuta ma yana da nasa. Idan janareta ya tashi, suwic da kwamfutoci sukan riga rauta farkawa, su nemi DHCP ba amsa, su faɗa 169.254. Windows kan sake nema bayan kamar minti biyar, wanda a ranar jarrabawa ba ƙaramin lokaci ba ne. Rauta da babban suwic su zauna a kan inbata.

Adireshin waje: nan ne ake ƙirga ɗaya-ɗaya

Duk yalwar da aka yi a ciki, a waje akasinta ake yi. IANA, hukumar rabon adireshi ta duniya, ta raba ragowar manyan yankunanta na IPv4 a ranar 3 ga Fabrairu 2011, AFRINIC mai kula da Afirka ta samu 102.0.0.0/8 a rabon ƙarshe. Tun Janairun 2020 AFRINIC ba ta ba da fiye da /22 a buƙata ɗaya, mafi ƙaranci kuma /24.

Matakin farko shi ne sanin ko kana da adireshin waje ma. A duba WAN na rauta. Idan ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, ko ya fara da 10, ko ya saɓa da abin da shafukan duba IP ke nunawa, to kana bayan CGNAT, kai da wasu da yawa kuke raba adireshi ɗaya. Layukan waya da ƙananan tsare-tsaren Starlink galibi haka suke. Don lilo da Zoom da tura sakamako, babu laifi. Amma duk fot (ƙofar wani aiki a kan adireshi) ɗin da ka buɗe a rautarka don a kalli kyamara daga waje ba zai yi aiki ba, domin akwai wata ƙofar a gabanka da ba kai ke riƙe da mabuɗinta ba. Idan buƙatar mai makaranta ya kalli kyamara a wayarsa ce kawai, manhajar kamfanin kyamarar ko VPN irin na WireGuard zuwa ƙaramar sabar haya mai adireshin waje sun wadatar, kuma sun fi buɗe NVR ga duniya aminci.

Idan dole sai kafaffen adireshi, kamfani zai ce /30 ko /29. /30 huɗu ne a takarda, ɗaya ne naka: sunan yanki, shela, da getwen kamfani sun cinye uku. /29, misali 203.0.113.8/29, yana ba da .9 zuwa .14, a cire getwe saura biyar. Adireshi ɗaya yana ɗaukar VPN da shafin makaranta da sauran ayyuka a fot daban-daban, don haka yawancin wurare /30 ya ishe su. /29 sai idan akwai saba biyu masu son fot iri ɗaya, ko ana son raba fitar baƙi da ta ofis. Wanda zai karɓi /29 ya tambaya ko za a turo masa shi ta kan wani layin haɗi dabam maimakon a ɗora getwe a cikinsa. Idan aka yi haka, duka takwas ɗin suna amfani ta hanyar NAT, wato fassarar da rauta ke yi tsakanin adireshin ciki da na waje.

Ga mai sayar da intanet a unguwa, lissafin nan shi ne jarinsa. /24 ɗaya, idan kowane kwastoma ya samu /30, mutum 64 ne ya ƙare. Da /31, wanda aka halatta tun 2000 don haɗin na'ura biyu, 128 ne, sai dai ba kowace rauta ke karɓarsa ba, a gwada kafin a yi alkawari. Da PPPoE, wato shigar kwastoma da suna da kalmar sirri, kowa /32 guda, sama da 250. Neman /24 na kanka daga AFRINIC kuwa yana tafe da zama memba, da kuɗin shekara, da lambar ASN ta shaidar netwok ɗinka, da musayar hanyoyi ta BGP da kamfanin da ke sama da kai. Amfaninsa shi ne adireshinka ba ya sauyawa idan ka sauya kamfani, kuma kana iya fita ta layi biyu. Kada a yi tunanin raba shi /25 biyu a sanar ta kamfanoni biyu: yawancin manyan rauta na duniya suna watsar da duk abin da ya fi /24 ƙanƙanta. Jami'a ko kamfanin intanet ne ke da buƙatar wannan, ba makarantar misalinmu ba.

IPv6, sabon tsarin adireshi mai yalwa, ba a yi masa wannan lissafin kwata-kwata. Kowane VLAN /64 ne, ko na'ura biyu ce a ciki ko dubu. /56 yana ba da irinsu 256, /48 kuma 65,536. Idan kamfani yana bayarwa a karɓa, a ɗora lambar VLAN ɗin nan a gurbin sabnet, amma a rubuta dokokin fayawol nasa dabam, domin na IPv4 ba sa kare shi, kuma babu NAT da zai ɓoye kyamara.

Wanda ya gaji netwok mai yanki guda ba sai ya rushe shi a dare ɗaya ba. Kwana ɗaya kafin aikin a rage wa'adin DHCP zuwa minti goma, don na'urori su saki tsohon adireshi da wuri. A ƙirƙiri sababbin VLAN a gefen tsohon, kowanne da getwensa da DHCP ɗinsa, tsohon yana nan yana aiki. A fara kwashe Wi-Fi na baƙi, domin shi ne ba ya da kafaffen adireshi ko ɗaya kuma shi ya fi surutu. Sai zauren CBT a lokacin hutu, sai ofisoshi ɗaki-ɗaki. Kyamarori a sauya adireshin kowacce tukuna sannan a mayar da ramin suwic ɗinta sabon VLAN, in an yi akasin haka ta ɓace. Sababbi daga kwali suna zuwa da nasu, Hikvision 192.168.1.64, Dahua 192.168.1.108, don haka ɗaya-ɗaya ake soka su. Firinta su ne na ƙarshe, domin adireshinsu yana rubuce a cikin kowace kwamfutar da ke bugawa, kuma sai an bi su duka an gyara kafin a kashe tsohon yankin.